Yadda Na Sake Sanin Inda Hannuna Yake

Ya kai mai karatu, kafin ka ci gaba ina roƙonka ka yi mini wani ɗan abu. Rufe idanunka, ka miƙe hannunka na dama, sannan ka kawo ɗan yatsanka ka taɓa kan hancinka. Na tabbata ba ka kuskure ba. To, tambayata ita ce, wa ya gaya maka inda ɗan yatsan yake alhali idonka a rufe? Ni kaina na yi shekara 23 a duniya ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba, sai ranar da hannuna ya daina zuwa inda na aike shi, a daidai lokacin da kuɗin makarantata ke rataye a bakin allura.

Bari in fara daga farko. Ni Bayarabe ne, haifaffen Ibadan. Hausa ba a nono na sha ta ba, a shagon ɗinki na tsince ta, a unguwar Sabo, inda Hausawa ke zaune tun 1916. Ina ɗan shekara 12 mahaifina ya kai ni wurin wani dattijo tela domin in riƙa koyon sana'a bayan an tashi daga makaranta. Wannan dattijo, wanda har yau nake kira Baba, shi ya koya mini riƙon allura, ya koya mini aikin wuyan kaftani da na babbar riga, kuma a bakinsa na fara jin bambancin "kara" da "ƙara". Da na samu shiga jami'a na zaɓi karanta Hausa, mutane da yawa a gidanmu sun yi mamaki, amma Baba bai yi ba. Da ɗinkin da ya koya mini nake biyan kuɗin rajista da na ɗaki, kuma mafi yawan kuɗin yana samuwa ne a watan azumi, lokacin da kowa ke son kayansa kafin Sallah.

A watan Janairu na 2024 na hau acaɓa, wato okada kamar yadda muke cewa a nan, zan koma makaranta. A wata kwana babur ya zame, muka zube a kan titi. Na kai hannun dama ƙasa domin in tare kaina, sai na ji wuyan hannun ya yi ƙara. Tabaraun da nake sawa tun ina sakandare shi ma ya tarwatse. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi ya karye, aka ɗaure hannun da filasta mai tauri tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu, aka ce sai bayan mako shida. A cikin makonnin nan na je aka auna idona domin a yi mini sabon tabarau. Mai awon ya ce ganina na nesa ya ragu sosai tun awon farko, don haka ya ba ni gilashi mai ƙarfi nesa da wanda na saba da shi.

A ƙarshen Fabrairu aka cire filasta. Hannun ya rame, fatar ta yi fari-fari, wuyan hannun kuma ya sandare. Wannan duk an gaya mini zai faru, an kuma nuna mini motsin da zan riƙa yi. Abin da ba a gaya mini ba shi ne wanda na tarar ranar da na zauna da allura. Masu aikin wuya sun san cewa rabin aikin a ɓoye ake yin sa. Hannu yana shiga ƙarƙashin yadi, ido ba ya ganinsa, amma allura tana ɓullowa daidai wurin da ido ya tsaya. Na yi shekara goma ina yin haka ba tare da tunani ba. Ran nan kuwa sai na sa ido a wuri guda, allura ta ɓullo a gefe. Na sake, ta sake kaucewa. Kuskuren ba mai yawa ba ne, bai wuce faɗin ƙwayar shinkafa biyu ko uku ba, amma a aikin wuya wannan ya isa ya karkatar da zane gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, a raina ina jin hannun yana daidai. Da ciwo nake ji, da na san abin da zan yi. Amma hannu ne ke gaya mini ƙarya, kuma shi kansa bai san ƙarya yake yi ba.

Aka fara azumi a cikin watan Maris ina da riguna bakwai da na karɓa tun kafin haɗarin. Taurin kai ya sa na ɗauki shaddar wani mutum, mai tsada, na fara. Kwana biyu ina yi ina warwarewa, har ramukan allura suka ɓata gaban rigar. Na ɗauke ta na kai wa Baba, ina jin kunya kamar in nutse. Ya juya ta, ya duba, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Yaro, wa ya aike ka? Hannun da ya yi kwana arba'in a ɗaure, ka sake shi yau ka ce ya yi maka aikin sarki?" Na ce, "Baba, ina tsoron ko hannun ya tafi ke nan." Ya ce, "Hannu ba ya mantuwa, fushi dai yake yi. Ka je ka lallashe shi." Shi ya biya mai shaddar, da sharaɗin zan biya shi a hankali.

A ɗakinmu na makaranta akwai wani abokina da ke karatun gashin ƙashi. Da na ba shi labari, sai ya ce in zauna a gaban tebur. Ya manna farar takarda a saman teburin, ya ce in rufe ido, in sa ɗan yatsan hannun dama a ƙarƙashin tebur, sannan in riƙe biro da hagu in ɗiga a saman takardar daidai inda nake jin ɗan yatsan yake. Na yi sau goma. Sannan muka juya, hagu a ƙasa, dama a sama. Da na buɗe ido na ga abin mamaki. Ɗigon da na yi ina neman ɗan yatsan dama sun warwatse, kuma yawancinsu sun karkata gefe guda. Ya ce, "Abokina, ƙashinka ya warke. Abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwarka ta sake auna hannun. Ka kuma haɗa mata aiki biyu, don ka canza mata tabarau a lokaci guda." Daga nan ya ba ni wasu takardu, ni kuma da yake ba ni da abin yi sai zaman tagumi, na shiga karatu. Abin da na fahimta shi nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai.

Jin da ba a koya mana a firamare ba

A firamare an koya mana cewa mutum yana da hanyoyin sani guda biyar: gani, ji, shaƙa, ɗanɗano da taɓawa. Ashe akwai wata da ba a ambata. A cikin tsokokinmu akwai waɗansu ƙananan zaruruwa da ke auna yadda tsoka ta miƙe ko ta takure, akwai waɗansu a jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi masu auna ƙarfin ja, akwai kuma na gaɓoɓi da na fata. Dukkansu suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa dare da rana, daga nan ita kuma take ƙiyasta inda kowace gaɓa take. Wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa wa wannan ji suna a 1906, ya ɗauko sunan daga kalmar Latin mai ma'anar "na kai". Ni a wannan rubutu zan kira shi jin-gaɓa.

Domin a san darajar jin-gaɓa sai a dubi wanda ya rasa shi. A 1971 wani matashi ɗan Ingila mai suna Ian Waterman, yana da shekara 19, mahauci ne, ya kamu da wata cuta da ta lalata jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa da na jin-gaɓa daga wuyansa zuwa ƙasa. Tsokokinsa suna da ƙarfi, amma idan bai kalli hannunsa ba bai san inda yake ba. Ya yi shekaru yana koyon zama da tafiya ta hanyar sa ido a kan kowace gaɓa, kuma idan aka kashe fitila ba zato yakan faɗi ƙasa. Likitansa, Jonathan Cole, ya rubuta littafi a kansa a 1991. Da na karanta labarin nan na dubi nawa hannun, na ga ashe matsalata ƙarama ce.

Abu na biyu da na koya shi ne, jin-gaɓa ƙiyasi ne, don haka ana iya ruɗa shi. A 1972 waɗansu masana uku a Ingila, Goodwin da McCloskey da Matthews, suka ɗora na'ura mai karkarwa a kan jijiyar damtsen mutum idonsa a rufe. Sai mutumin ya ji hannunsa yana miƙewa alhali bai motsa ba. Haka kuma a 1998 Botvinick da Cohen a Amurka suka ɓoye hannun mutum a bayan allo, suka ajiye hannun roba a gabansa, suka riƙa shafa duka biyun da buroshi a lokaci guda. Bayan ɗan lokaci mutumin ya fara jin kamar na robar ne nasa, kuma da aka ce ya nuna inda hannunsa na gaskiya yake, sai ya nuna wurin da ya matsa wajen na robar. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A nan dai gani bai kori ji gaba ɗaya ba, amma ya ja shi zuwa gefensa.

Idan ido da hannu suka saɓa

Ƙwaƙwalwa tana da shaidu biyu a kan inda hannu yake, wato ido da jin-gaɓa. Idan bakinsu ya zo ɗaya, babu magana. To idan suka saɓa fa? Tun 1867 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin gwaji da tabarau mai karkatar da gani zuwa gefe. Wanda ya sa shi, idan ya kai hannu zai taɓa abu, sai ya kuskure. Bayan ya yi ta gwadawa sai ya daidaita. Amma da zarar an cire tabaraun, sai ya sake kuskure, wannan karon ta ɗaya gefen. Wannan kuskure na biyu shi ne shaidar cewa wani abu ya canza a ciki, ba dabara kawai mutumin ya yi ba. A 1963 Charles Harris ya nuna cewa canjin yana tsayawa ne a hannun da aka yi aiki da shi, ba ya tsallakawa zuwa ɗayan. Da ido ne ya canza, da hannu biyun duk sun kuskure. Saboda haka ya ce abin da ya canza shi ne inda mutum ke jin hannunsa yake.

Masu bincike na baya sun auna girman wannan canji. A 2009 Erin Cressman da Denise Henriques a Kanada suka sa mutane su riƙa motsa hannunsu a ɓoye, suna kallon wani ɗigo a allon kwamfuta da ke wakiltar hannun, amma an karkatar da tafiyar ɗigon da digiri 30. Bayan horo, inda mutanen ke jin hannunsu yake ya gusa da kimanin digiri 6, wato kashi ɗaya cikin biyar na karkatar. Ke nan ƙwaƙwalwa ba ta watsar da shaidar jin-gaɓa don ido ya faɗi wani abu dabam. Sulhu take yi, kowane ɓangare ya ɗan matso.

A nan na gane abin da abokina yake nufi da aiki biyu. Gilashin masu ƙarancin ganin nesa yana ɗan ƙanƙanta abubuwa, kuma abin da aka kalla ta gefen gilashin yakan bayyana ya ɗan matso wajen tsakiya. Mai ɗinki kuwa ta ƙasan gilashi yake kallon cinyarsa. Ga shi kuma hannun ya yi mako shida bai motsa ba, gaɓar ta sandare, saƙon da take aikawa ba irin wanda aka saba ba ne. Shaidu biyun da ƙwaƙwalwata ta yi shekara goma tana dogara da su a wajen ɗinki, duk sun canza magana a wata guda.

Shin gyaran yana zama?

Wannan ita ce tambayar da ta hana ni barci. Na lura cewa idan na zauna da tsumma ina ta soka allura, bayan kamar rabin awa hannun yakan daidaita. Amma washegari da safe sai in ga kuskuren ya dawo. Sai na ce a raina, idan kullum sai na fara daga farko, to sana'a ta ƙare, karatu ma ya bi ta.

Amsa ta farko na same ta a wani bayani da Maurice Smith da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Sun nuna cewa koyon gyaran motsi kamar ɗalibai biyu ne a aji ɗaya. Ɗaya yana ɗauka da sauri, yana kuma mantawa da sauri. Ɗayan yana ɗauka a hankali, amma abin da ya shiga kansa ya zauna. Daidaitar da nake gani bayan rabin awa yawancinta aikin na farko ne, shi ya sa take zubewa kafin gari ya waye. Amma na biyun yana nan yana tarawa kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya tara shi ne ake tashi da shi da safe.

Amsa ta biyu ta fi kusa da tambayata, domin a kan jin-gaɓa kansa aka yi binciken. A 2023 ɗakin binciken Hannah Block a Jami'ar Indiyana ta Amurka ya fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 75. An ɓoye musu ɗan yatsa, aka nuna musu wata alama a madadinsa, sannan aka riƙa gusar da alamar a hankali har tazarar ta kai milimita 70. Kamar yadda aka zata, ƙiyasin ido da na jin-gaɓa duk suka matso wajen juna. Daga nan aka raba mutanen rukuni biyar. Waɗansu suka huta, waɗansu suka motsa hannun, waɗansu har aka bar su suka kalli hannunsu na gaskiya na 'yan mintoci. Duk da haka, da aka sake auna su, mafi yawan gyaran yana nan. Kallon hannun da ido ƙuru-ƙuru bai goge shi nan take ba. Rukuni na biyar kuwa sai bayan awa 24 aka dawo da su. A wurinsu gyaran ɓangaren ido ya zube saura kaɗan, amma na jin-gaɓa yana nan, har ma ya ƙaru. Da na zo nan a karatuna na ajiye takardar na yi shiru, domin na gane cewa aikin jiya ba ya tafiya a banza.

To a ina ake ajiye shi? Akwai wani sashe a bayan kai, wajen ƙeya, da ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa. A 1996 Tom Thach da abokan aikinsa a Amurka suka sa mutane jifan wata alama da ƙwallon yumɓu, sanye da tabarau mai karkatar da gani. Masu lafiya suka daidaita bayan 'yan jife-jife, amma waɗanda ƙaramar ƙwaƙwalwarsu ta samu lahani da yawansu suka kasa. Wannan ya nuna muhimmancinta wajen gyara kuskure. Sannan a 2019 ɗakin binciken David Ostry a Jami'ar McGill ta Kanada ya yi wani gwaji. Bayan mutane sun koyi sabon motsi, sai aka yi amfani da na'urar maganaɗisu aka ɗan dagula aikin wani sashe na saman ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Waɗanda aka dagula musu sashen da ke karɓar saƙon jiki, washegari abin da suka koya ya kusa ɓacewa duka. Waɗanda aka dagula musu sashen da ke ba tsoka umarni kuwa, nasu yana nan. Wato ajiyar sabon motsi tana da alaƙa mai ƙarfi da yadda jiki ke jin motsin.

Akwai wani abu kuma a binciken 1996 ɗin da ya yi mini amfani ƙwarai. Mutum biyu sun yi mako shida suna jifa, wani lokaci da tabarau, wani lokaci babu. A ƙarshe suka zama suna iya buga alamar tun jifan farko a kowane hali, kamar ƙwaƙwalwa ta ajiye ma'auni biyu tana ɗauko wanda ya dace da zarar an sa tabarau ko an cire. Bayan fiye da shekara biyu aka sake gwada su, abin yana nan. Har ila yau an ga cewa gyaran da aka samu a jifa ta sama ba ya wucewa sosai zuwa jifa ta ƙasa. Darasin da na ɗauka shi ne, idan ɗinki nake so hannuna ya koya, to da ɗinki zan horar da shi, a zaune yadda na saba zama, da tabaraun da zan ci gaba da sawa. A lokacin ina ta cire sabon tabarau ina mayarwa saboda yana sa ni jiri, ashe ni nake ƙara ruɗa kaina.

Lallashin hannu

Na mayar wa mutum uku yadinsu, na ba su haƙuri, Baba ya karɓi aikin biyu daga ciki. Ɗaya ya yi fushi, kuma har yau bai sake kawo mini aiki ba. Ban ga laifinsa ba. Sauran ukun na ajiye su gefe. Na samo tsummoki, na zana layuka da alli, kullum da safe da yamma ina soka allura daga ƙasa ina duba inda ta ɓullo, tabarau a idona ba cirewa. Ban yarda in wuce rabin awa a zama ɗaya ba, domin idan hannun ya gaji kuskuren ƙaruwa yake yi. Kowace safiya kuma, kafin in taɓa allura, abokina yakan manna sabuwar takarda a tebur in yi ɗigo goma ido a rufe, mu rubuta kwanan wata.

Kwana uku na farko ban ga bambanci ba, har na ce masa mu daina ɓata takarda. Ya ce in yi haƙuri. A ƙarshen mako na biyu muka jera takardun a kan gado, sai ga shi ɗigon suna ta matsowa kusa da juna, kamar tumakin da ake korowa gida. Rabin awar da nake buƙata kafin hannu ya daidaita ta koma minti goma, daga baya ta koma soka biyar ko shida. Saura kwana goma sha biyu Sallah na ɗauki rigar farko. Na gama biyu kafin Sallah, ta ukun sai bayan Sallah da mako guda, mai ita kuma ya yi mini uzuri. Kuɗin bai kai na rajista ba, sai da yayata ta cika mini, bashin Baba kuwa sai a ƙarshen shekarar na gama biya. Ranar da na kai masa kuɗin ƙarshe na tafi da wani kaftani da na yi wa aiki. Ya ɗaga shi wajen haske, ya bi layin da babban yatsa, ya ce, "To, kun shirya ke nan." Har yanzu idan sanyi ya yi wuyan hannun yakan yi tsami, amma allura tana ɓullowa inda na sa ido.

Abin da ya shafe mu ɗaliban harshe

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa wannan da mujallar ɗaliban Hausa? Abin da ya haɗa su shi ne baki ma gaɓa ne, kuma ba ma ganinsa idan muna magana. A 2003 Tremblay da Shiller da Ostry suka haɗa wata na'ura da haɓar mutane, tana ɗan jan muƙamuƙinsu gaba suna cikin magana. Jan bai canza sautin da ke fita ba, kunne bai ji wani kuskure ba, amma duk da haka mutanen suka gyara motsin muƙamuƙin ya koma hanyarsa ta da. Ke nan mai magana yana bin yadda furuci ke sauka a kunne, yana kuma bin yadda yake ji a bakinsa.

Mu da Hausa ta zo mana daga baya mun san wannan a jikinmu. A Yarabanci babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ts. Lokacin da nake yaro a shago nakan ce "kofa" ina nufin "ƙofa", kuma a raina ina jin daidai na faɗa, kamar yadda hannuna ya riƙa jin yana daidai alhali ya kauce. Sai da Baba ya yi ta maimaita mini, yara suna dariya, kafin maƙogwarona ya gane abin da ake nema. Haka kuma duk wanda ya je hutu gida ya yi wata biyu bai yi Hausa ba ya san yadda harshe ke nauyi a makon farko, ya kuma san cewa nauyin ba ya daɗewa. Ɗalibin nan mai saurin mantuwa ne ya yi barci, mai ɗauka a hankali yana nan da ajiyarsa.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana, musamman 'yan aji ɗaya da ke kuka da baƙaƙe masu lanƙwasa, guda uku ce. Ta farko, ku nemi wanda zai gaya muku gaskiya idan kun kauce, ko ku ɗauki muryarku a waya ku saurara, domin jin da kuke yi cewa kun faɗa daidai ba shaida ba ne. Ta biyu, kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya, tunda mai ajiyar a hankali yake ɗauka. Ta uku, ku yi atisayen a inda za ku yi amfani da shi, wato a cikin magana da mutane, a kasuwa da shago da bakin hanya. Idan kuka tashi da safe kuka ji kamar abin jiya ya gudu, kada ku karaya. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Takardun nan masu ɗigo suna nan a cikin akwatina, duk wanda ke son gani ya same ni bayan lacca.